Kabarin da Maƙwabta Suka Haƙa wa Baba Katikis

Ban taɓa ganin gidan mutuwa da aka sha dariya kamar gidanmu na Argungu a makon da kakana ya rasu ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Mutum zai shigo da jan ido, ya durƙusa gaban Kaka ya yi mata gaisuwa, sai ya ce bari ya faɗi abu ɗaya da Baba Katikis ya taɓa yi masa. Kafin ya kai ƙarshe, masu kuka sun fara toshe baki da mayafi. Matan zumunta na cocinmu sun taho da waƙa tun daga bakin titi. Matan unguwa kuwa, waɗanda duk Musulmi ne, sun taho da salati da ƙwaryar kunu a ka. Suka yi kiciɓis a zaure, kowane ɓangare ya ja gefe yana jiran ɗayan ya wuce, har sai da mahaifiyata ta fito ta ce su shigo, tsakar gidan zai ɗauke su duka.

Wata tsohuwa mai bandar kifi ta ce ita ba mutuwar ce ta dame ta ba, kowa zai tafi. Abin da ya dame ta shi ne yanzu babu mai tsayawa da keke ya ce mata kifinta ya girme ta. Wani dattijo daga ƙauyukan fadama ya ce Baba ne ya binne uwarsa da ubansa, kuma duk sau biyun bai bar gidan ba sai da ya ga an ɗora tukunya. Shugabar mawaƙa ta share hawaye ta ce Allah ya jiƙansa, amma dai yanzu za a ji muryar sauran jama'a a coci. Gaskiya ta faɗa. Baba ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, kuma ya fi kowa kauce wa hanya.

Ni jikansa ne ta wajen uwa, ina koyarwa a wata makaranta a Birnin Kebbi, ina zaune a Gwadangaji. 'Ya'yana sun san shi tsoho mai raba alewa kawai. Don su nake rubuta wannan, kada su girma suna zaton iyakarsa ke nan.

Asalinsu mutanen kudancin jiha ne, wajen Zuru. Yana saurayi aka turo shi Argungu a matsayin katikis, wato mai taimakon Fada, limamin cocin Katolika: shi ke koyar da addini, shi ke jan addu'a duk inda Fada bai samu zuwa ba. Ya taho da amaryarsa da keke da tabarma. A lokacin Katolikan garin ba su cika ɗaki ɗaya ba, yawancinsu ma'aikata ne da 'yan ci-rani, kuma Fada daga nesa yake zuwa, jefi-jefi. Don haka in aka yi mutuwa, Baba ake kira. Zai ɗaura kwalbar ruwa mai tsarki a bayan keke, in damina ce ya ɗora keken a kwalekwale, ya je ya yi addu'a, ya yayyafa ruwan, a binne. Ba ya hana kowa kuka. Abin da yake cewa kullum shi ne, “Ku yi kuka, amma ku ci tuwo.” A ganinsa wanda ya mutu cikin bangaskiya gida aka kira shi, masu rai ne ke da sauran aiki, kuma aiki ba ya yiwuwa da yunwa.

Ni da shi ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. Tun ina yaro nake kiran Kaka matata, kamar yadda jikoki ke yi, shi kuma yake kirana ɓarawon mata. In na iso daga Birnin Kebbi zai leƙa ledar hannuna ya ce da wannan ɗan tsiren zan ƙwace matar da ya shekara hamsin yana lallashi? Kaka ta ce masa ai ko ba komai ni ina da haƙoran cin tsiren. Ita kuwa daɗewa a Argungu ya sa ta fi Kabawa Kabanci, in tana magana ba ka cewa ba a bakin gulbi aka haife ta ba.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Baba Mai Albasa, manomi ne, Musulmi, sa'an kakana. Duk dabbar da za a ci a gidanmu shi ke yankawa, don kowa a unguwa ya iya sa hannu a kwanonmu. Sau ɗaya na san sun ɓata. Baba ya yi kiwon talo-talo don Kirsimeti, talo-talon ya tsallaka katanga ya tone fangalin irin albasa da maƙwabcin ya yi wa tanadin shekara. Aka yi cacar baki ta saman katanga. Baba ya ce tsuntsu bai san iyaka ba, maƙwabci ya ce mai tsuntsu ya sani. Suka daina gaisawa, su biyu dattawa da furfura, kowa ya fito sai ya kama kallon sama. Matansu dai ba su daina aika wa juna miya ba.

Da Kirsimeti ta zo, aka rasa mai yanka. Kaka ta ce ita ba za ta dafa abin da maƙwabta ba za su ci ba. Baba ya yi ta zagaye tsakar gida, daga ƙarshe ya rungumo talo-talon ya yi sallama a ƙofar Baba Mai Albasa, ya ce ga ɓarawon ya kawo, a yanke masa hukunci. Maƙwabcin ya dubi tsuntsun, ya dubi mai shi, ya shiga ya ɗauko wuƙa. Cinya guda aka kai masa, ya aiko cewa yana jin ɗanɗanon albasarsa a ciki.

Abu ɗaya ne Baba bai taɓa yarda ya yi magana a kai ba, wato inda za a binne shi. In an tambaye shi sai ya ce wannan aikin masu rai ne, shi ya gama nasa. Mun ɗauka wasa ne irin nasa, ba mu san rigima ya bar mana ba.

Ya rasu da hantsi, cikin bazara, ana tsakiyar cire albasa. Kafin nan Fada ya zo ya shafe shi da man marasa lafiya, ya ba shi Jibi Mai Tsarki, wato tsarkakakkiyar gurasar da muke karɓa a coci, har Baba ya gyara masa wata kalma da ya ce bai furta daidai ba. Da rai ya yi halinsa muka kai shi mutuware, ɗakin ajiye gawa a asibiti, muka buga wa Kawu waya. Kawu shi ne ɗan fari, yana aiki a Abuja, kuma shi ke da maganar ƙarshe.

Ana kiran azahar sai ga Baba Mai Albasa a ƙofar gida, ƙasa har gwiwa, bayansa samarin unguwa da diga da shebur. Ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce an ƙare. Na tambaye shi me aka ƙare.

“Kabarin mana,” in ji shi. “Ku ɗai aka jira.”

Ashe da jin rasuwar ya tara samari suka nufi maƙabartar Kirista da ke bayan gari. Tsohon mai gadin wurin ya zaci mu muka aiko su, ya nuna musu fili. Su a saninsu, in maƙwabci ya rasu ba a jiran a roƙe ka, kuma ba a barin mamaci ya yini. Na tsaya ina kame-kame, na ce ai mu sai an jira dangi, sai an yi Mas, wato babbar addu'armu, a coci, kuma ba a ma yanke inda za a kai shi ba. Dattijon ya dubi ƙafafunsa. Ya ce sun yi gaggawa, a yi musu haƙuri. Kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin.

Kawu ya iso washegari da waya biyu a hannu da tsari a kai. Ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. A al'adarmu ta can gida, namiji a gidan ubansa yake kwanciya, kuma ɗan da ya bar ubansa a baƙon wuri ba ya ƙara ɗaga kai a taron dangi. Dattawan ƙauye sun riga sun kira shi, ya riga ya ba su alkawari, har sun turo ƙanen Baba ya yi wa gawa rakiya. Aka zauna a rumfa aka yanke: za a yi Mas ɗin jana'iza a Argungu don mutanen da ya yi wa hidima, daga ƙofar coci mota ta wuce da shi ƙauye. Ramin maƙwabta kuma a gode musu, a mayar da ƙasa. Da aka gaya wa Baba Mai Albasa, ya ce ya ji, amma shi ba zai rufe ba sai ya ga ƙeyar mota.

Kaka ba ta ce uffan ba. Matar mamaci ba ta da baki a irin wannan zama, ga kuma kunyar ɗan fari da ta koya wurin matan Argungu, ko sunan Kawu ba ta kira. Shi kuwa har ya ware mata kujerar gaba a motarsa, ya sa an sayo matashin da za ta jingina.

Jajibirin jana'iza, bayan la'asar, aka yi zaman addu'a a tsakar gida. Aka ja carbi, aka yi karatu, mawaƙa suka yi waƙoƙin da yake so. Maza maƙwabta na waje a kan tabarmi, in lokacin salla ya yi su tashi su dawo. Na matsa kusa da Kaka na ce mata to, tsohon ya gudu ya bar mini fili, yaushe za a ɗaura? Ta yi dariya har ta dafa ni, ta ce ba ni da kunya. Sannan ta rage murya.

Ta ce likita ya daɗe da hana ta doguwar tafiya, ƙafafunta da bayanta ba za su kai ta ƙauye ba, ko da matashi goma. Ta tuna mini yadda duk watan Nuwamba, watan da muke tunawa da matattu, ita da Baba suke takawa zuwa maƙabarta su cire ciyawa, su kunna kyandir, Fada ya zo ya albarkaci kaburbura. Suna da 'ya a can, wadda ta rasu tana goye, kafin a haifi mahaifiyata.

“In sunka kai shi can,” in ji ta, “wa za ya kunna mai kyandir? Ni dai na san ba ni ba.”

Na ce bari in gaya wa Kawu. Ta riƙe hannuna ta ce in na buɗe baki ba ni ba ita. Yaron ya riga ya ba manya alkawari, ba za ta zama sanadin kunyarsa ba. Na yi shiru kamar yadda ta ce, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin Kawu, na ji haushin al'ada, har Baba na ji haushinsa da ya tafi bai faɗi kalma ɗaya ba.

Da safe coci ya cika har waje. A ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin hanya maƙwabta sun jeru, Baba Mai Albasa a gaba da farar riga, sun zo sallama da mutumin da suka yi zama da shi. Motar ɗaukar gawa tana gefe, direba ya juya hancinta ya fuskanci hanyar fita gari.

Fada ya tari akwatin a bakin ƙofa, ya yayyafa masa ruwa mai tsarki. Ya ce da ruwa aka shigo da wannan bawan Allah cikin ikilisiya ranar baftismarsa, da ruwa kuma ake karɓarsa yau. Aka kawo farin mayafin da ake rufe akwati da shi, wanda ke tuna farar rigar baftisma. Baba ya sha yi mana bayaninsa muna yara: mayafin guda ne, shi ake rufa wa mai kuɗi, shi ake rufa wa mai gadi. Fada ya kira matar mamaci da ɗan fari su shimfiɗa shi tare.

Kawu ya kama gefe ɗaya, Kaka ta kama ɗayan. Ina tsaye dab da su saboda ni ke riƙe da sandarta. Ta ja mayafin, ta daidaita kusurwa, ta bi shi da tafin hannu tana gyara tattara, yadda take gyara masa shimfiɗa. Sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba da kowa ba sai da na cikin akwatin.

“Malam, ka sauka lahiya. Ni nan zan tsaya, ƙahwa ta ƙi. Ka yi min hanƙuri, iyakar rakiyata ke nan.”

Kawu ya ji. Na ga hannunsa ya tsaya a kan mayafin. Ya ɗago ya dubi uwarsa, ita kuwa ba ta dube shi ba, ta karɓi sandarta ta bi bayan akwati.

Ba zan iya kawo wa'azin Fada duka ba, hankalina ya rabu. Na dai tuna ya nuna babban kyandir na Ista da ke ci kusa da akwatin, ya ce ba don ado aka kunna shi ba, alama ce cewa wanda muke bi ya riga ya shiga kabari ya fito. Ya ce Baba Katikis ya faɗa wa gidaje da yawa wannan maganar, yau gidansa ne ke bukatar ji. Aka roƙa masa hutu da haske, aka roƙa masa gafara, domin mu ba ma cewa mamacinmu ya wuce bukatar addu'a. Ban yi kuka ba sai a ƙarshe, da Fada ya zagaya akwatin da kaskon turare, hayaƙi yana tashi, mawaƙa suna miƙa shi ga mala'iku. Waƙar ta tafi daidai, ba mai kauce wa hanya, kuma wannan ne ya karya mini zuciya. Amma kukan ya zo da sanyi. Na ji a raina cewa ba ɓata ya yi ba, mun miƙa shi ne hannun da ya fi namu.

Aka fito da akwatin. Direba ya buɗe bayan mota. Kawu ya tsaya a matakala, wayarsa tana ruri a aljihu bai kula ta ba. Ya je wajen ƙanen Baba, ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a, suka yi magana da harshenmu na gida. Tsohon ya ɓata rai ya kau da kai, kuma gaskiya har yau bai gama hucewa ba. Kawu ya ce masa zai je da ƙafarsa ya ba dattawa haƙuri, duk abin da suka ce ya ɗauka. Daga nan ya miƙe ya tsallaka hanya zuwa gindin dogon yaro.

“Baba, ramin nan yana nan?”

“Shina nan,” in ji Baba Mai Albasa. “Ai na ce sai na ga ƙeyar mota.”

Haka muka ɗunguma zuwa bayan gari, gicciye a gaba, mawaƙa na biye, maƙwabta a baya. Kaka tana cikin motar Kawu, ta jingina da matashinta, tana jan carbinta.

A bakin kabarin ne aka yi cirko-cirko. Babu wanda ya je ya duba shi a cikinmu, tunda rufewa za a yi. Maƙwabta sun haƙa shi da kyau, ya miƙe sambal, amma irin nasu suka haƙa: faffaɗa a sama, sannan siririn rami a ciki daidai kwanciyar mutum a gefensa cikin likkafani. Har itacen da za a jera a kai sun sare sun ajiye. Masu ɗauke da akwati suka dubi ramin, suka dubi akwatin. Fada ya buɗe littafinsa ya rufe. Baba Mai Albasa ya dafe kai.

“Wallahi mun mance da akwati,” in ji shi. “Mu tsawonai munka auna.”

Shugabar mawaƙa ce ta fara, dariya ta ƙwace mata, sai ta bi wurin gaba ɗaya, har Fada ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kawu bai jira kowa ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa mini tare da wayoyin, ya cire takalmi, ya karɓi diga ya dira cikin ramin. Mutumin da rabonsa da riƙe fartanya tun yana makaranta. Sara uku ya yi ya fara haki, Baba Mai Albasa ya tsaya a kansa yana gyara masa riƙo. Samarin coci da na unguwa suka shiga suna karɓar juna, ƙasa na tashi, mawaƙa suka ɗauki waƙa don kada wurin ya yi shiru.

An sa wa Kaka kujera a inuwa. Daga nan take ba da umarni da sanda, a faɗaɗa ta yamma, kada a taɓa gabas, wancan filin da mai shi. Da aka gama, Fada ya albarkaci kabarin, aka saukar da Baba, kowa ya zuba ƙasa. Kaka ta ce wa Fada tunda ruwan na hannunsa, ya yayyafa wa filin gabas ma, kada ta wahalshe shi wata rana. Ya yayyafa.

Da za a koma, Kawu ya buɗe mata ƙofar mota. Ta ce a'a, da ƙafa za ta je, tana so ta gwada ko za ta iya zuwa wurin nan da kanta. Mahaifiyata ta fara magana, Kawu ya ɗaga mata hannu. Ya zo ya tsaya a gefen uwarsa, daga shi sai singileti da ƙasa har gashin kai, ya miƙa mata damtsensa. Ta kama. Suka taho a hankali, ta huta a gindin wata bishiya, ta sake hutawa a bakin masallacin unguwa inda aka miƙo mata ruwa, mu duka muna biye ba mai wuce su.

A ƙofar gida ta tsaya, ta juya ta dubi hanyar da suka biyo. Har yanzu tana riƙe da hannunsa, kuma a karon farko da na taɓa gani, ta dubi ɗan farinta ido cikin ido.

“Ƙahwa ta kai,” in ji ta. “Shiga ka wanke jiki, ɗana.”